Tarin da Inna Ta Haɗiye a Gabana

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, wato a cikin 'ya'yanta bakwai ni ne na fi kowa rashin sanin abin da ke damunta. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce maganar ta juye, amma a ƙauyenmu da ke bayan Kirikasamma haka abin yake, har alfahari muke yi da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, na girma a ɗakinta ina hangen Inna a tsakar gida kamar wata maƙwabciya mai kirki. In za ta ba ni abinci sai ta ce wa ɗaya daga cikin ƙannena, “Kai wa wancan.” Da na zama malamin makaranta a Haɗeja sai aka yi mini ƙarin girma, na tashi daga “wancan” na koma “mutumin birni”. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare a duniya, amma in aka tara hirar da muka yi da ita ba za ta kai mutum daga Haɗeja zuwa Guri ba.

Duk Asabar nakan hau babur in je gaishe ta. In durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, ita tana zaune a kan tabarma ta juyar da fuska wajen bango.

“Inna, ina kwana. Yaya jiki?”

“Da sauƙi.”

“Allah Ya ƙara sauƙi.”

“Amin. A gaida mutan gidan.”

Shi ke nan, an gama. Sai in tashi in tafi zaure wurin maza, ina ji a raina na sauke hakkin uwa, har ina tausayin 'ya'yan da ba sa zuwa gaida iyayensu.

Sana'ar Inna banda ce. In ruwa ya fara janyewa daga fadama bayan damina, masunta suka shiga kawo tarwaɗa da karfasa kwando-kwando, gidanmu sai ya koma gidan hayaƙi. Rabin duro uku take da su a bayan ɗaki, kowanne da raga a kai. Ta hura itace, ta barbaɗa buntun shinkafa don wutar ta yi hayaƙi kada ta yi harshe, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera, ta juya, ta sake juyawa. Tun rasuwar mahaifinmu bandar nan ce ta riƙe gidan, ita ce kuma ta yi mini makarantar da na dawo ina yi wa mutane iyayi da ita. Duk macen da ke banda a ƙauyenmu tana tari. Har suna gare shi, tarin banda, kuma ba wanda ke lissafa shi cikin cuta, kamar yadda ba a lissafa kantar hannun manomi. Da kunnena na sha jin Inna tana tari ta bayan danga, amma da zarar na yi sallama sai ya tsaya cak. Ni a tunanina albarkar zuwana ce.

Mai sanin jikin Inna ita ce autarmu. Aurenta ya mutu ta dawo gida, ɗaki ɗaya suke kwana, ita ke yi mata wanki, ita ke taya ta juya kifi. Inna tana kiran sunanta sau hamsin a wuni, tana zaginta, tana yi mata tatsuniyar ƙuruciyarta. Ita ce ta buga mini waya wata safiya a ƙarshen damina ta ce Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, jikinta zafi rau. Na ce su samo mota su taho Haɗeja, zan tare su a asibiti. Ba zan faɗi wane asibiti ba ne, don in aka raba laifin gida biyu, nawa kason ya fi nasu nauyi.

A ƙofar imajensi, wato sashen gaggawa, mai gadi ya ce mutum ɗaya ne zai shiga da mara lafiya. Auta ta riga ta kama hannun Inna za su wuce, na dakatar da ita. Na ce, “Ke tsaya da kaya a gindin darbejiyar can, ni na san asibiti.” Abin da na sani na asibiti kuwa shi ne tagar da ake yankar kati, sai Turanci. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ɗauki tabarma da fulas ta tafi gindin bishiya, don a gidanmu ba a yi wa yaya musu, balle yaya mai biro a aljihu.

Ciki ya cika maƙil. Ga wani da babur ya kayar ana ɗinke masa goshi, ga manomin da maciji ya sara a gonar shinkafa ƙafa ta kumbura, ga mata riƙe da yara masu jijjiga. Likita ɗaya ne, matashi, idonsa ya yi ja. Da layi ya zo kanmu bai ma ɗago kai ba ya ce, “Me ke damunta?” Nan na gyara tsayuwa na kwararo masa Turanci, irin wanda nake ajiyewa sai ranar da masu duba makarantu suka zo. Na ce zazzaɓi ne, kwana uku. Ya ce tana tari? Na ce ɗan abin da ba a rasa ba, na hayaƙi ne, banda take yi. Har da 'yar dariyata, ta mutumin da ya san kan al'amarin.

Sai ya juya wajenta. “Mama, akwai wani abu kuma da ke damunki?”

Ga ɗan farinta tsaye a kanta, ga wani namiji sa'an ɗanta na huɗu yana tambayar abin da ke jikinta. Me kuke zaton za ta ce? Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, “Da sauƙi.” Na lura maƙogwaronta yana motsi, idonta ya kawo ruwa, kafaɗunta suna rawa. Wallahi a lokacin cewa na yi Turancina ne ya ratsa ta, tana ganin amfanin wahalar da ta sha. Ashe tari ne ya taso mata take haɗiye shi, don kada ta yi kaki a gabana.

Aka ɗebi jini, aka ce akwai maleriya. To, a ƙarshen damina a fadamar Haɗeja, in da turmi yana da jini aka gwada shi ma za a samu maleriya. Aka rataya mata ƙarin ruwa, aka yi allurai, hankalin kowa ya kwanta, don mu a wurinmu in ba a ga leda a rataye tana ɗiga ba to ba a yi magani ba. Awa huɗu muka yi a wurin, ni ina zaune a benci na jingina da bango. A jikin bangon nan akwai wata babbar takarda mai zanen mutum yana tari, an rubuta da Hausa ɓaro-ɓaro cewa duk tarin da ya wuce mako biyu a zo a gwada. Na dai san ta yi mini amfani, don ta hana farar ƙasar bangon ɓata mini riga.

Zazzaɓin ya sauka, aka mai da ita gida. 'Yan uwa suka yi ta sa mini albarka, ana cewa ilimi ya yi rana, da shigarsa ya yi musu Turanci sai ga likitoci suna rawar jiki. Ban musa ba. Kwana biyar Inna ta koma bakin murhunta.

Daga nan sai ta shiga ramewa. Wata Asabar auta ta tare ni a zaure ta ce, “Yaya, zanin Inna fa yanzu sau biyu yake zagaye ta.” Na ce tsufa ne da rashin cin abinci mai gina jiki, na yi mata ɗan darasi a kan haka a tsaye. Asabar ta gaba na taho da gwangwanayen madara da kayan shayi na dire a ƙofar ɗaki. A tsakani kuma mai kemis ɗin ƙauye ya duba ta daga nesa ya ce taifot ne, don a wurinsa cutar duniya biyu ce, in ba maleriya ba to taifot. Ya ba da ƙwayoyi kala uku, ta sha, na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

Zuwa na biyu lokacin shukar alkama ne. Wannan karon numfashi ne ya yi mata wuya, ga zazzaɓin ya dawo. Aka sake kawo ta, na sake tura auta gindin darbejiya. Tana tafiya ta waiwayo ta ce, “Yaya, ka gaya musu gumin da take yi in ta kwanta.” Na ce, “Zazzaɓi ai da gumi yake tafe. Ke likita ce?” Katin farko yana cikin aljihun wata riga da ban tuna wacce ba, sai na yanki sabo, Inna ta shiga a matsayin baƙuwar da ba a taɓa gani ba. Likitan ma wani ne daban. Na maimaita masa jawabina, kwana uku dai, don ni duk ciwon Inna daga ranar da aka buga mini waya yake farawa. Ya ɗauko abin sauraron ƙirji, Inna ta ƙanƙame mayafinta, ni kuma ina tsaye ƙiƙam ban da hankalin da zan ba su wuri. Haka ya ɗora abin a kan mayafi da riguna biyu ya saurara. Ya ce ta ja numfashi, ta ja rabi ta riƙe, don ta san in ta ja duka abin da zai biyo baya.

Ya ce sanyi ne ya kama mata haƙarƙari, ya rubuta allurai da ƙwayoyi. Zan yi masa adalci, ya ce in mako biyu ya wuce bai sake ta ba mu dawo a ɗauki hoton ƙirji. Mako biyu ya cika, na hau babur na je, na durƙusa a bakin ƙofa na yi binciken da ya dace da mai ilimi.

“Inna, yaya jiki?”

“Da sauƙi.”

Na dawo Haɗeja da sakamakon na gaya wa matata Inna ta warke.

Zuwa na uku da bazara ne, an gama yankan alkama, zafi ya sauko. Da hantsi suka iso. Da aka fito da ita daga mota ni da direba muka ɗauke ta, na ji kamar dami ɗaya na kara muka ɗauka. Amma hali ba ya barin mai shi a bakin ƙofa. Na tura auta wurin zamanta, na yanki kati na uku, na shiga, na buɗe baki na fara, “Zazzaɓi ne, kwana…”

“Dakata, Malam.”

Wata nas ce, babbar mace mai furfura a gefen kai, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Haɗeja har Hausarta ta fi tawa gishiri. Kowa Sista yake ce mata. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “Ba kai ne mai Turancin nan ba? Na gan ka da kaka, na gan ka da sanyi. Tsohuwar nan dai ce?” Na ce ita ce. Ta matsa kusa da gadon, ta ga yadda Inna ta juyar da fuska wajen bango ta bar ni a bayanta.

“Mama, wannan ɗanki ne?”

Inna ta sunkuyar da kai.

“Na fari ne?”

Inna ta ƙara sunkuyar da kai. Sista ta yi wani ɗan tsaki, ba na raini ba, irin na wanda ya daɗe yana neman abu ya gan shi a aljihunsa. Ta juyo gare ni.

“Malam, fita. Je ka turo mini wadda ke yi mata wanki.”

Raina ya ɓaci. Na ce ni ne babban ɗanta, ni na kawo ta. Ta ce, “Na gani. Sau uku.” Ta nuna mini ƙofa da biro.

Haka na je gindin darbejiya na karɓi tabarma da fulas da bokiti daga hannun auta, ta wuce ciki da sauri ko kallona ba ta yi ba. Bishiyar tana daf da tagar ɗakin, ashe duk zuwan da muke yi auta tana jin Turancina daga nan tana cizon yatsa. Ban fi minti biyu da tsayuwa ba na ji tarin. Tari ne mai tsawo, daga can ƙasa, kamar ana jan guga a rijiyar da ta kusa ƙafewa, ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo. Ban taɓa jinsa gaba ɗayansa ba sai ranar. Da ya lafa sai na ji muryar Inna tana magana, doguwar magana, jimla na bin jimla, da wata murya mai kaifi da ban san tana da ita ba. Tana faɗa auta tana cikawa.

Tarin ya canza tun kafin daminar bara, ta san ba na banda ba ne, don na banda yana tafiya in an kashe wuta. Kullum da la'asar jiki ya ɗau zafi. In ta kwanta gumi ya jiƙa zani har tabarma, auta ta shanya da safe a bayan ɗaki inda ba a gani. Abinci ba ya shiga. Jini kuma tun shukar alkama ya fara fitowa a kaki. Sista ta ce a ina take tofarwa? Auta ta ce a gwangwanin madara, sukan zuba toka a ciki, in ya cika ta binne a bayan murhu. Gwangwanayen da na kawo ne. Ashe dai tsarabata ta yi amfani, ba ta inda na zata ba.

Sista ta ce, “To me ya hana ku faɗa?”

Auta ta ce Inna ce ta hana ta, ta ce kada a ɗaga wa mutumin birni hankali, yana da iyali da aikin gwamnati. Sai na ji Inna ta ce, a hankali, kamar mai bayyana abin da kowa ya sani, “'Yar nan, yaya zan yi in ce jini nake tofarwa yana tsaye a wurin?”

Na zauna a kan bokitin. Kunya ta kama ni, da haushi, da tsoro, duka a lokaci ɗaya, ban san wanda zan fara ji ba. Wata tsohuwa mai sayar da kunu a wurin ta ce, “Bawan Allah, mara lafiyarka ce ta cika?” Na ce a'a. Ta ce to in gode wa Allah in tashi daga kan bokitin mutane kada in fasa.

Nan da nan aka sa wa Inna ƙyallen rufe hanci da baki, aka ɗauke ta daga tsakiyar jama'a aka kai ta wani ɗaki na gefe mai manyan tagogi. Aka ba ta 'yar roba ta yi kaki a ciki, aka ɗauki hoton ƙirji. Abin da ya gagara wata bakwai aka yi shi kafin azahar. Washegari likita ya kira ni, ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mini saman huhun hagu, ya ce tarin fuka ne, wanda ake ce wa tibi, kuma ya daɗe yana ci. Inda ya kamata a ga baƙi sumul sai ga fari-fari da ramuka. Ya ce, “Da kun zo da wuri, da ba a kai nan ba.”

Nan na samu inda zan sauke haushina. Na ce mun zo, sau biyu muka zo, a ɗakin nan aka rataya mata ruwa aka sallame mu, ba wanda ya ce ta yi kaki a gwada. Gaskiya na faɗa, kuma har gobe ina kan bakata: tsohuwa ta zo muku a rame tana haki, ko ɗanta ya ce lafiyarta ƙalau ai kwa ɗaga mayafi ku saurara da kyau. Ya bar ni na gama. Ya buɗe katin, sabo fil, shafi ɗaya. Ya ce, “Ina katunan baya?” Na shiga shafa aljihu. Ya ce, “Da kuka zo, me kuka ce mana?” Na laluba Turancina kaf ban samu amsar ba.

Labari ya isa ƙauye kafin mu. Masu sa mini albarka suka koma yi wa Inna jaje daga bakin zaure, ana toshe hanci da gefen riga. Aka ware mata kwano da moɗa, waɗanda suka shekara suna shan kunu a moɗa ɗaya da ita lokacin da cutar ke kan ganiyarta, yanzu da aka fara magani su ne masu tsantseni. 'Yan sarin kifi suka koma wani gida. Aka gwada mu duka, har auta da yaran gidan, Allah Ya rufa asiri.

Maganin wata shida ne, kyauta, kullum da safe kafin a ci komai, ba fashi. Na ce a gidana za ta zauna, wannan karon ba wanda ya yi musu, ita ma ba ta da ƙarfin yi. Sista ta ja mini kunne cewa sai an ga ta haɗiye da ido. To ga inda gizo ke saƙar: Inna ba za ta karɓi abu daga hannuna ba, ba kuma za ta buɗe baki ta sha ina kallo ba. Sai muka yi tsari. In kawo ƙwayoyin da kofin ruwa in ajiye a gefen tabarma, in juya baya ina kallon bango, matata ta tsaya ta ga ta haɗiye, ta ce mini, “An sha,” sannan in juyo in yi maki a kati. Wata shida ina kallon bangon ɗakin nan kowace safiya, har na haddace inda siminti ya tsage.

Ta gama maganin. Aka sake gwada kaki aka ce ƙwayar cutar ta mutu. Muka yi murna, aka dafa shinkafa aka raba. Sai dai maganin yana kashe cuta ne, ba ya mai da abin da ta riga ta cinye. Daga ɗaki zuwa bayi sai Inna ta tsaya sau biyu ta dafa bango. Aka ce ita da hayaƙi har abada. Ta matsa sai ta koma ƙauye, ta koma, ta tarar da durorinta sun yi tsatsa, kaza ta yi ƙwai a ɗaya. Auta ta ce ranar ta daɗe a tsaye tana kallonsu, sannan ta ce a bar wa kazar.

Ni kuma na ce na yi hankali. Na daina tambayar “yaya jiki” kawai, na koma yin tambaya irin ta Sista. Inna, kin yi tari jiya? Akwai jini? Kin ci abinci? Duk amsarsu ɗaya ce, kuma bango ake ba wa. Wata rana abin ya ishe ni na ce, “Inna, don girman Allah ki daina ce mini da sauƙi. Da sauƙin nan ne ya kai mu inda muke.” Auta ta zaro ido, don a gidanmu ba a taɓa jin ɗan fari ya yi wa uwa magana mai tsawon haka ba. Inna ta ce wa auta, “Mutumin birni ya koyo faɗa.” Daga ranar na koma bin ta bayan gida, in gaishe ta a ƙofa, in zagaya in tambayi auta gaskiyar magana.

Haka muka yi shekara ɗaya da 'yan watanni. Wata Asabar bayan ruwa ya janye, ƙauye ya cika da warin banda daga gidajen maƙwabta, na zo na durƙusa a inda na saba.

“Inna, ina kwana. Yaya jiki?”

Ba ta amsa ba. Na ɗago kai, sai na ga ta juyo daga bango tana kallona, ido cikin ido. Ban taɓa sanin idonta na dama yana da ɗan tabo a gefe ba sai ranar.

Ta ce, “Yau kam babu sauƙi. Matso.”

Na matsa da gwiwa. Ta kama hannuna na dama ta ɗora a haƙarƙarinta na hagu, ta danna. “Nan ne. Kwana biyar ke nan ba ya bari na kwanta ta wannan gefen.” Rabon da ta riƙe hannuna tun ban san kaina ba. Na ji ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, na ji wani abu yana gurgura a ciki duk sanda ta ja numfashi. Abin da na shekara arba'in ina jira ke nan, uwata ta gaya mini inda ke mata ciwo, kuma da ya zo sai na tsorata. Ni mai faɗa, ni mai ilimi, kun san abin da na ce mata? Cewa na yi, “Da sauƙi, Inna. Za a samu sauƙi.”

Ta yi ɗan murmushi ta ce, “Ji shi.” Ba ta saki hannun ba sai da auta ta shigo.

A ranar muka kawo ta imajensi. Auta ce ta shiga da ita, ni na bi bayansu da katunan duka a leda, har da biyun farko da na tono daga aljihunan riguna. Da likita ya tambaya, da Hausa na yi bayani, tun daga daminar da tarin ya canza har zuwa safiyar nan, ban tsallake ko gwangwanin madara ba. Ya cika shafi biyu yana rubutu, ya ce da kowa zai riƙa kawo bayani haka da aikinsu ya yi sauƙi. Aka yi komai a kan lokaci, hoto, gwaji, iskar numfashi, ba abin da zan ce an yi kuskure. Cutar ba ta dawo ba, huhun ne ya gaji. Kwana huɗu ta yi, ta cika bayan azahar, auta na riƙe da kanta.

A zaman makoki dattawan ƙauye suka yi ta yabonta. Wani kawunmu ya ce irinsu sun ƙare, mace mai kunya, har ta koma ga Allah ba a taɓa jin ta kira sunan ɗan farinta ba, ba ta taɓa kai masa kukan komai ba. Jama'a suka ce ƙwarai, Allah Ya jiƙanta. Na ce amin tare da su. Hannuna na dama yana kan gwiwata, ina jin haƙarƙarinta a cikinsa.